Toyin Kaka da Wutar Bazara: Yadda Dajin Arewacin Zazzau Ya Ƙare

Da zarar hunturu ya kama, sanarwa kan fara yawo a gidajen rediyo da bakin masallatan Juma'a: jama'a, a daina ƙona daji. Ban ƙi ta mai sanarwa ba. Sai dai duk sa'ad da na ji ta ina cikin mota tsakanin Tashar Yari da Makarfi, ko na miƙa zuwa Ikara, nakan duba dama da hagu in ce, wane dajin kuma? Masara ta haɗe da dawa, dawa ta haɗe da waken suya, in an gangara fadama rake ne da tumatir da albasa. Ɗorawa ɗaya nan, kaɗanya biyu can, mangwaro a bakin gari. Abin da za a iya kira daji bai wuce kan dutsen da garma ta kasa hawa ba, sai gefen rafi da maƙabarta.

Alhali a wannan ƙasar ce waɗanda suka haifi iyayenmu suke sa wa daji wuta kowace shekara ta Allah, suka kuma mutu suka bar shi da namunsa. Mu da aka kawo wa doka da tara da malamin daji, a hannunmu ya ƙare. Wannan kaɗai ya isa a sake duba shari'ar da aka yanke wa wuta.

Masanin tsirrai R. W. J. Keay, da ya rarraba dazuzzukan Nijeriya a littafinsa na 1949, ya sa ƙasar Zazzau a yankin da itacen doka ya fi yawa. Mu muna bakin iyakarsa ta arewa. Da ka ƙetara cikin ƙasar Kano sai kalgo da sabara su fara rinjaye. Ruwan shekararmu yakan kai milimita 1,000 ko ya ɗan ɗara, ya sauka daga Mayu zuwa Oktoba, sannan sama ta kulle. Tare da doka akwai maje da baushe da taura da marke da kirya da gwandar daji. A kurmin bakin rafi kuma maɗaci ne da kanya da ɗinya da tafashiya. Ƙarƙashinsu gamba, mai tsawon da ke ɓoye mutum. Dajin da ciyawarsa ke tashi haka da damina ta bushe ƙayau da rani ba ya rabuwa da wuta, in wannan bai sa ba wancan zai sa. Itatuwan ma da shirinsu suka zo. Duba ɓawon kaɗanya, ga kauri ga tsaga. Duba taura da gwandar daji da doka: ko an ƙone su ƙurmus, saiwarsu na nan da rai a ƙasa, kafin ruwan farko ya sauka sun sake toho.

Kafin zuwan Turawa, manyan garuruwan yankin masu ganuwa ne. Gonaki na kewaye da gari, daga nan sai daji har ka hango ganuwar wani garin. Ba son itatuwa ne ya hana mutane faɗaɗa gona ba, tsoro ne. Mahara daga Ningi na kawo farmaki gabashin Zazzau da kudancin Kano, masu satar mutane kuma na laɓe a hanya. Baba ta Karo, wadda ta tashi a ƙasar Zarewa, maƙwabtanmu ta ɓangaren Kano, ta ba Mary Smith labarin yadda aka kwashe mata dangi, aka buga shi a littafi a 1954. Da Turawa suka ci Zariya a 1902 da Kano a 1903, hari ya tsaya, jirgin ƙasa ya ratsa ƙasarmu ya isa Kano a 1911, sai mutane suka fara fita bayan ganuwa suna kafa gidajen gona. Farkon cin dajin ke nan, tun ba wanda ya lura.

Kakana na wajen uwa maharbi ne, mai baka da kwari, kuma a bakinsa na fara jin cewa wuta iri biyu ce.

Ta farko ita ce toyin kaka. Ba a sa ta sai an yanke dawa an kai damma gida, sai masu yankan gamba sun ɗebi na zana, masu shuci sun tara na jinka. Sannan mai gari ya ba da izini, sarkin baka ya sanar da mutanensa. A share kewayen rumbuna da inda aka jibge harawa. Da la'asar sakaliya ake cinna ta, lokacin da iska ta kwanta, manya da samari na biye da ita riƙe da ɗanyen reshe. A wannan lokacin ciyawar tudu ta bushe, ta kwari kuwa da sauran danshinta, saboda haka wutar tana tafe tana tsallake, ta ci nan ta bar can, ba ta wuce ƙugun mutum, raɓar dare ta gama da ita. Kwana kaɗan gindin gamba ya fitar da toho kore shar, shanun Fulani su samu abin lasa, kaska ta ragu, matafiyi ya riƙa hango gabansa. Gada da zomo da makwarwa su koma inda wutar ta tsallake. Babban amfaninta kuwa sai can gaba yake bayyana: duk wata wutar da ta tashi daga baya, in ta iso ƙuna, nan za ta tsaya, don ba ta da abin ci.

Ta biyu ita ce wutar bazara, wajen Maris zuwa Afrilu. Komai ya bushe har kwari, rana ta take, iska na juyawa. Wannan ba ta tsallake komai. Takan hau itace har kai, daidai lokacin da doka ta fitar da sabon ganye ja, kaɗanya da ɗorawa suna ɗauke da 'ya'ya, amya na rataye a reshe. Ƙananan itatuwan da suka kwana biyu suna ƙoƙarin ɗaga kai su koma ƙasa. Wanda aka kama ya sa irin wannan, in ji kakana, gaban mai gari ake gurfanar da shi, in ta ci rumbun wani kuma ya biya.

Kada dai in yi wa mutanen da kwalliyar da ba tasu ba. Waɗanda suka fi kowa taka wannan ƙa'ida su ne abokan sana'ar kakan nawa, musamman 'yan farautar rani. A buga gangi, gari da gari su haɗu, ga karnuka, ga gora da barandami, 'yan tauri na kirari. In an iske wani kwari da toyin kaka ya bari, a san nama ya taru ciki, sai a zagaye shi da wuta a bar ƙofa ɗaya. Shirwa ta cika sama tana cafke farar da hayaƙi ya tayar, ƙasa kuma ana ta faɗa kan wanda ya fara jifan mazo. Shi maharbin baka, mai laɓe shi kaɗai da kan burtu a goshi, raina wannan yake yi, yana cewa hayaniya ce ba harbi ba. Masu ɗibar zuma ma sukan yar da bakin wuta su yi gaba. Abin da ya ceci dajin shi ne faɗinsa da ƙarancin mutane, da kuma ƙunar kaka da ta riga ta yanyanka shi.

Ma'aikatan gandun daji na Turawa da fari ba su ga wannan bambancin ba. Baƙar toka suka gani, suka ce ɓarna ce ta jahilci. A 1933 aka ƙulla yarjejeniya a Landan kan kare namun dajin Afirka, wadda ta hana zagaye dabbobi da wuta don farauta. E. P. Stebbing, wani farfesan gandun daji, ya zaga arewacin Nijeriya ya rubuta a 1935 cewa Sahara na gangarowa, yana ɗora laifin kan sassabe da kiwo da wuta. Maganar ta tayar da hankali har Ingila da Faransa suka haɗa kwamiti ya bi iyakar Nijeriya da Nijar a 1936 zuwa 1937, ya dawo ya ce bai ga hamadar da ke tafiya ba. Amma tsoron ya riga ya shiga ofis. Aka yi ta yanka gandun daji a ƙarƙashin En'e, aka ɗauki malaman daji, talaka ya wayi gari itacen da kakansa ke sara sai da takarda.

Abin da ya burge ni da waɗannan mutanen shi ne, da gardama ta yi tsawo, sai suka gwada. A 1929 aka keɓe filaye uku a Olokemeji, can ƙasar Yarabawa: ɗaya a hana shi wuta sam, ɗaya a ƙona shi da farkon rani, ɗaya da ƙarshensa, kowace shekara. A 1936 Bafaranshe André Aubréville ya kafa irinsa a Kokondekro kusa da Buwake a Kwaddebuwa, ana ƙona fili ɗaya a tsakiyar Disamba, ɗaya a Maris. Daga baya aka yi wani a arewacin Gana, inda yanayi ya fi kusa da namu. Gwaji ne na masu haƙuri, wanda ya fara shi ba lalle ya ga ƙarshensa ba. Na Olokemeji sai da ya shekara 28 kafin Keay da abokin aikinsa Charter su auna shi, suka buga sakamakon a 1960. Duka wuri ɗaya suka nuna. Filin da aka hana wuta ya cushe da itatuwa, a wurare masu ruwa ma ya zama kurmi, ciyawar kiwo ta ja baya. Wanda ake ƙonawa da wuri ya riƙe itatuwansa da ciyawarsa. Wanda ake ƙonawa a makare kuwa ya tsiyace, sai ciyawa da tsirarun itatuwa masu taurin rai. Ma'aikatar gandun daji da kanta ta koma tana sa wutar farkon rani a gandayenta, wato toyin kaka da hular gwamnati.

Da aka samu hotunan tauraron ɗan'adam, wani mai bincike, Paul Laris, ya bi manoma da makiyaya a kudancin Mali, ya wallafa a 2002 cewa suna sa wuta ne daki-daki: su fara da tudun da ciyawarsa ke saurin bushewa, su bi sauran a hankali, har daji ya zama dabbare-dabbare, wani wuri ƙuna, wani toho, wani ciyawa tsaye. Da haka suke karya lagon babbar gobara tun ba ta tashi ba. Da na karanta, ban ga abin da ya ƙaru a kan zancen kakana ba sai taswira.

To, in ba wuta ba, me ya ci dajin? Nan ne karin maganar nan ta kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ta zauna daidai.

Gatari na farko mai tsari gwamnati ce ta ɗauke shi, kuma da dalilinta. A shekarun 1930 ciwon barci ya yi wa arewa maso gabashin Zazzau kamun kazar kuku. Ƙudan tsando mai yaɗa shi a inuwar kurmin bakin rafi yake zaune, daidai inda mata ke ɗiban ruwa. Wani masanin ƙwari, T. A. M. Nash, ya jagoranci aikin Anchau daga wajen 1937: aka sare kurmin rafuka a wani zirin ƙasa mai faɗin kusan murabba'in mil 700, aka tashi ƙauyuka aka sake musu mazauni, aka haƙa rijiyoyi, aka gina sabon gari aka kira shi Takalafiya. Anchau yau tana ƙaramar hukumar Kubau, gefen Ikara. Aka ɗora wa dagatai su fitar da mutane kowace shekara su sare abin da ya sake tohowa. Wani mai bincike, Horace Miner, da ya zo bayan shekaru ya rubuta a 1960, ya tarar mutane na yin saran ne don an ce a yi, kuma tun farko sun ƙi taɓa wasu kurmin saboda sun yi imani mazaunin iskoki ne. Ciwon barci ya ja baya, wannan babu musu, kuma ba ni da bakin zargin wanda ya ceci rai. Amma kurmin rafi shi ne inda wuta ba ta shiga, shi ne mafakar mazo da biri da kwanta-rafi da rani, shi ne mashayar komai. Da ya tafi, sammore ya ragu, shanu suka samu shiga inda da ba sa iya zama.

Sai auduga da gyaɗa da haraji suka sa kowa ya ƙara kadada. Sai garmar shanu, wadda ba ta shiri da kututture. Manomin fartanya yakan sare itace ya bar gindin, in ya bar gonar ta zama saura gindin ya tashi; mai garma kuwa sai ya tumɓuke. Daga ƙarshen shekarun 1970, bayan shirin noma na Funtuwa da aka fara a 1975, takin zamani da sabon irin masara suka mamaye ƙasar, aka daina barin saura kwata-kwata. Fadamun Kudan da Makarfi suka koma rake, kamfanin tumatir ya zo Ikara a 1981, burtali ya tsuke. Ƙara da itacen girki da gawayin da ake lodawa zuwa Zariya da Kano. Kirya, da yake gawayinta maƙera ke so, tana cikin na farkon ɓacewa. Bindiga kuma ta maye gurbin baka, fitilar goshi ta mai da dare rana. Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 ta iske manyan namun wannan yanki sun riga sun yi nisa.

Abin da zai ba mai sanarwar rediyo mamaki shi ne wutar daji raguwa take yi. Wani bincike da aka buga a mujallar Science a 2017, wanda ya bi hotunan tauraron ɗan'adam daga 1998 zuwa 2015, ya nuna faɗin ƙasar da ke ƙonewa a duniya ya ragu da kusan kashi 25 cikin 100, kuma raguwar ta fi yawa a dazuzzukan ciyawa irin namu. Dalilin da suka bayar shi ne gonaki sun cinye inda wutar ke bi. Ba mu shiryu ba ne, abin ƙonawar ne ya ƙare.

Wutar da ta rage mana kuwa ita ce mafi muni, marar uba. Yara ne za su bi gafiya rami da hayaƙi a watan Fabrairu, su kama ta ko kada su kama, su tafi su bar wuta a karan wani. Ko mai gona ya tara karan masara da ganye ya banka, don ya huta da kwasa, ko don kada shanun wani su shigo masa kiwo. Iskar hunturu ta ɗauke ta ta jefa cikin gonar rake, wadda busasshen ganyenta ba ya jiran gayyata, mutum ya yi asarar wahalar shekara a cikin sa'a guda. Na taɓa tsayawa a kan wata irin wannan a wata fadama ta ƙasar Kudan, mai gonar na zaune a ƙasa ya rasa ma wanda zai kai ƙara. Kuma ko ba ta tsallaka gonar kowa ba, asara ce. Sinadarin da muke sayen buhun yuriya dominsa, naitirojin, hayaƙi yake bi in an ƙona kara. Abin da ya saura a toka iska ta kwashe wani, ruwan farko ya wanke wani. Ƙasar da ba a bar mata abin ruɓewa ba, ita ce ke neman ƙarin buhu kowace damina. Malamanmu ma sun sha faɗa cewa kashe mai rai da wuta abu ne da addini ya hana, ko da tururuwa ce.

Doka dai akwai ta. Hukumar kula da muhalli ta NESREA ta fitar da ƙa'idojin hana ƙona daji barkatai a 2011. Amma tsakanin Abuja da ramin gafiya akwai tafiya. Tsohon tsarin yana aiki ne saboda mai ba da izinin yana kwana a garin, ya san wanda bai gama kwashe dawarsa ba, ya kuma san ɗan wane ne aka gani da ashana.

Wanda yake son ganin irin dajin da ya taɓa rufe Ikara, sai ya nufi Falgore a ƙasar Kano, gabas da mu, ko Kamuku a Birnin Gwari, wanda En'e ta keɓe a 1936 ya zama gandun ƙasa a 1999, inda aka san da giwa da gwanki. Can ma ɓarayin shanu da 'yan bindiga sun daɗe suna hana masu kula da su sakat, kuma dajin da ma'aikaci ba ya iya shiga ya yi masa toyin kaka, wutar bazara ce rabonsa. Nan gida kuwa namun da suka saura ba su wuce zomo da kurege da gafiya da damo ba, sai makwarwa jefi-jefi. Yaran gidanmu sun san gada a tatsuniya, ba su taɓa ganin sawunta ba.

Gwanki ba zai dawo Makarfi ba, kada mu ruɗi kanmu. Itace kuwa yana iya dawowa. A ƙasar Maraɗi, daga shekarun 1980, manoma suka fara abin da suke kira sassaben zamani: in kututture ya toho a gona, a zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi a bari, a sare sauran, a kare su daga wuta da awaki. Da wannan kaɗai, ba tare da dashe ba, aka kiyasta itatuwa sun dawo a kadada kusan miliyan 5 a kudancin Nijar, ƙasar da ruwanta bai kai namu ba. A kan iyakokin gonakinmu da gefen rafuka har yanzu taura da kalgo da gwandar daji na fitowa kowace bazara, muna bin su da adda da ashana.

Roƙona ga hakimai da dagatan Ikara da Makarfi da Kudan, da sarakunan baka da ardo-ardo da shugabannin ƙananan hukumomin uku, shi ne su zauna tun kafin a yanke dawa. Inda sauran daji ko makiyaya ta rage, a sa ranar toyi a farkon hunturu, a share iyaka, a yi shi da yamma da mutane a tsaye. Daga Janairu zuwa faɗuwar ruwa kuma a hana sa wuta a fili baki ɗaya, kara ne ko ramin gafiya, wanda ya sa ya biya abin da ta ci, uban yaro ya biya na ɗansa. A bar wa kowane rafi 'yan taku na itatuwa a gefensa, kada garma ta taɓa.